Buhun Taki Ba Ya Raya Matacciyar Gona

Duk shekara in bazara ta kawo jiki, 'yan Adamawa mazauna Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal sai su tsuke bakin aljihu, su aika kuɗin taki gida Yola da Jimeta. In kaka ta yi, labari ɗaya ke dawo musu: masara ba ta cika rumbu ba, baɗi sai an ƙara buhu. Wannan hasara tana da masu laifi, kuma lokacin faɗin gaskiya ya yi.

Tun 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Gongola, aka kuma ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo, gwamnati bayan gwamnati ta mai da gyaran gona rabon buhu kawai. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka yi alkawarin kai taki kilo 50 ga kowace hekta. A 2022 an buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Lekki, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Buhu dai ya samu masu yi masa kirari, amma ƙasar da ake zuba shi ba ta da mai tsaya mata.

Alhali kuwa takin zamani shuka yake ciyarwa, shekara guda. Jigawar da ta rasa ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi ba ta riƙe laima, saboda haka ruwan sama mai ƙarfi sai ya wanke abin da aka zuba. Yuriya zalla shekara da shekaru tana sa ƙasa tsami, wuta-wuta kuma ta mamaye gonar da ta gaji. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Magabata sun san haka. Bayan girbi Bafillatani yakan sauke shanunsa a gonar manomi, su ci kara, su bar taki. Akan gauraya dawa da wake, a juya da gyaɗa, ba a kuwa sare gawo. Yau ana bin masara da masara, a cinna wa kara wuta, a mai da itatuwa gawayi. Gabar manoma da makiyaya, wadda masu mulki suka bari ta yi tsamari, ta raba shanu da gona. Abin kunya ne a ce ƙasar shanu kamar Adamawa tana kukan rashin taki!

Kada wani ya ce gyara ba zai yiwu ba. Daga 1983 manoman Maraɗi a Nijar suka soma barin kututture ya toho a gona, har itatuwa suka dawo a fili kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Ruwansu bai kai na Yola ba, ba su kuma da Kogin Binuwai.

To, Hukumar Raya Kogin Binuwai ta Sama tana da hedkwata a Yola, tana da aikin noman rani a Geriyo kusa da Jimeta. Jami'ar Modibbo Adama tana da masanan ƙasa. Wajibi ne gwamnati ta haɗa su da malaman gona, a riƙa gwada ƙasar talaka kafin a ce masa ya sayi buhu kaza, a kuma sasanta shi da makiyayi.

Mazauna Kudu su ma suna da nasu aikin. Wanda zai aika kuɗin buhu huɗu ya sayi uku, sauran a ɗauko takin garke da irin wake. Ɗan takarar da ya zo neman goyon baya a Sabo kuwa, a tambaye shi abin da ya tanadar wa ƙasar noma bayan rabon buhu. Gonar nan ita ce makomar kowa ranar da ƙarfin zaman Kudu ya ƙare, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.