Kafin Mu Tafi SIWES: A Saya Mana Ƙafa-Uku, A Koya Mana Haske

Duk wanda ya taɓa duba rahotannin SIWES da ɗalibai ke miƙawa ya san irin hotunan da ke ciki: duhu, dishi-dishi, ɗalibi tsaye gaban wani baƙin abu, a ƙasa an rubuta wai injin narka roba ne. Mutum ya yi wata huɗu yana sammako zuwa Sharaɗa, Challawa ko Bompai, amma shaidar aikinsa ko shi kansa sai ya ƙura ido kafin ya gane ta. Sai ka ji ana cewa laifin waya ne. Ni a ganina ba waya ba ce matsalar, rashin sanin haske ne da kuma rawar hannu. Don haka nake kira ga ƙungiyar ɗalibai ta sayi abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, wanda 'yan fim ke kira tirayifod, ko da guda goma ne, ta riƙa ba da aro, sannan ta shirya bitar yini ɗaya kafin kowane rukuni ya fita.

Cikin masana'anta ba kamar tsakar gida ba ne. Rufi na can sama, tagogi ƙanana, fitilu nesa da juna. Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara kan daɗe da buɗe ido, wani lokaci rubu'in daƙiƙa, wani lokaci daƙiƙa guda cur. Hannun ɗan Adam kuwa da wuya ya tsaya cak idan lokacin ya fi kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa tsawo. In ka ɗaga ISO don ka guje wa hakan, sai hoton ya cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Filasha ma ba za ta cece ka ba, domin idan nisa ya ninka biyu, hasken da ke isa wurin kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Shi ya sa goshin abokinka ke ƙyalli, injin da ke bayansa kuma ya nutse cikin duhu. Balle ma walƙiyar filasha a idon mai sarrafa inji ganganci ne.

Maganin dai shi ne kyamara ta zauna daram, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Fara zare sassan ƙafafun masu kauri kafin sirara. Kada ka ɗaga sandar tsakiya sai dole, ita ce ta fi rawa. Ƙafa ɗaya ta fuskanci abin da za ka ɗauka, kai ka tsaya tsakanin biyun baya. Rataya jakarka a ƙasa don ƙarin nauyi, ka sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada yatsanka ya girgiza ta. Ka taɓa daɓen da tafin hannu, in ka ji yana karkarwa saboda inji ko janareta, matsa gefe. Kuma kada ka kafa ta a hanyar ma'aikata ko motar ɗaga kaya.

Sai haske. Ƙa'ida ta farko: kada taga ko ƙofa ta kasance bayan abin da kake ɗauka, ta zo daga gefe. Ɗauki fatar da aka jeme a Challawa. In ka haska ta gaba da gaba sai ta fito shafal kamar leda, amma hasken gefe zai nuna laushinta da zanen jikinta, abin da mai saye ke son gani ke nan. Bokitai da kujerun roba na Sharaɗa kuwa ƙyalli ne matsalarsu, to sai a tausasa hasken da farin ƙyalle a gaban taga, a ajiye farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske kan inuwa. Kwali fa, ba wani kayan sutudiyo ba. Idan ka ga layuka baƙi-baƙi a hoto, fitila ce ke ƙyaftawa. Lantarkinmu zagaye 50 yake yi a daƙiƙa, don haka wasu fitilun kan ƙyafta sau 100. Saita gudun ɗauka a 1/50 ko 1/100, layukan za su tafi. Hoton waje kuma a ɗauke shi da hantsi ko bayan la'asar. Hazon hunturu ma yana tausasa haske, sai dai a kare kyamara daga ƙura.

Na san za a ce ai wayoyin yanzu na da tsarin ɗaukar dare. Gaskiya ne, amma shi ma hotuna da yawa yake ɗauka ya haɗe su, kuma ya fi kyau idan wayar ba ta motsi. Za a ce kuɗin ƙungiya ba su da yawa. To, a kwatanta da abin da ake kashewa a shagalin makon ɗalibai na kwana ɗaya. Ƙafa-uku kuwa rukuni bayan rukuni za ta yi wa aiki. Za a kuma ce wasu kamfanoni ba sa yarda a ɗauki hoto. Haƙƙinsu ne. A nemi izinin mai kula da kai, inda aka hana a haƙura, kuma kada a ɗauki fuskar ma'aikaci ba da yardarsa ba. Wannan ma yana cikin abin da za a koyar a bitar.

Maganar ta wuce neman maki. Mu 'yan wannan zamani ba mu ga dalar gyaɗa ba, a hoto muka san ta. Masana'antu da dama a Bompai da Sharaɗa sun rufe, musamman masaƙu, wasu an mayar da su rumbunan ajiye kaya. A Jamus, Bernd Becher da matarsa Hilla sun shafe shekaru suna ɗaukar tankunan ruwa da masana'antun ƙarfe da babbar kyamara a kan ƙafa-uku, suna jiran ranar da gajimare ya rufe sama. Da yawan gine-ginen an rushe su, hotunan suka rage, har aikin ya samu babbar lambar yabo a Venice a 1990. Mu kuwa kowace shekara muna shiga wuraren da ko ɗan jarida ba ya samun shiga cikin sauƙi.

Saboda haka, shugabanninmu, ga shawara: a sa wannan a kasafin zangon nan, a riƙa ba da aro da katin ɗalibi, a roƙi masu karanta aikin jarida da zane su jagoranci bitar, mujallar nan kuma ta ware shafi don fitattun hotunan kowane rukuni. Rukuni na gaba ya kusa fita, a yi abin da ya dace kafin su karɓi takardunsu.