Kafin ka sayar da gonar gado don koyon tuƙin jirgi

Ba 'yan sakandare kaɗai ke mafarkin tuƙa jirgin sama ba. Akwai magidanta masu abin yi, ma'aikacin banki, injiniya, malamin jami'a, mai shago a Kantin Kwari, waɗanda shekarunsu suka haura talatin amma ransu yana can sama tun suna yara. Wasu a cikinsu sun fara lissafi: a sayar da fili, a haɗa da kason gado, a karɓi ɗan abin da aka tara a wurin aiki, a tafi makaranta. Ban ga abin dariya a wannan buri ba. Mutumin da ya yarda ya koma ɗalibi bayan ya zama maigida ya cancanci a saurare shi, a kuma faɗa masa gaskiya. Gaskiyar ita ce yawancin masu wannan lissafi kuɗin lasisi suke lissafawa, alhali kujerar aiki suke nema, kuma tsakanin lasisi da kujera akwai tafiya mai cin kuɗi wadda tallan makaranta ba ya ambata.

Hanyar a fili take. Ana farawa da lasisin matuƙi mai zaman kansa, wanda ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ɗora a kan tashi na aƙalla awa 40. Da shi za ka iya ɗaukar abokanka, amma ba za a biya ka ko kwabo ba. Daga nan sai lasisin kasuwanci, mai buƙatar awa 200, ko 150 a wasu kwasa-kwasai da aka amince da su, tare da shaidar iya tuƙi da na'urori lokacin da ba a ganin waje, da ta jirgi mai inji biyu. A gida muna da kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da ta Ilorin ta gwamnatin Kwara. Masu hali kan nufi Afirka ta Kudu ko Amurka, in sun dawo sai NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta yi musu jarrabawa kafin ta mayar da lasisin na gida.

To, ga ka da lasisi da awa ɗari biyu da 'yan kai. Babu kamfanin da zai zaunar da kai a gaban Boeing 737 da wannan kaɗai. Kowane samfurin babban jirgi yana da nasa horon da tasa shaidar, ana yin sa makonni a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, yawanci a ƙasar waje, kuma da dala ake biya. Wanda ya sayi shaidar 737 da kuɗinsa, sai gurbi ya buɗe a kamfanin da ke aiki da Embraer 145 irin na Rano Air, bai da abin nunawa. Ko a samfurin da ya koya, kamfani zai tambaye shi awa nawa ya yi a cikin jirgin na gaske, shi kuwa ba zai samu awa ba sai an ɗauke shi. Lasisin da zai ba shi damar zama kyaftin a jirgin fasinja sai ya cika awa 1,500. Yana zaune yana jira, shaidunsa suna tsufa: ta lafiya tana ƙarewa duk shekara, ta tuƙi da na'urori ma haka, kowace sabuntawa kuɗi ce daga aljihun wanda ya riga ya bar albashi.

Mu a Arewa mun ga wannan da idonmu. Gwamnatin Kano a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan su koyi tuƙin jirgi. Sun koyo, sun dawo da lasisi, amma shekaru bayan haka jaridu suna ta kawo labarin cewa da yawansu ba su samu aikin tuƙi ba, saboda wannan gibi na shaidar samfurin jirgi da ƙarancin awa. Waɗannan yara ne, ba su da iyali a wuya, ba su kuma biya daga aljihunsu ba. Ka auna yadda abin zai kasance ga mai mata da 'ya'ya huɗu wanda ya sayar da gona.

Sai batun naira. Kafin a sake ta a watan Yunin 2023, dala a farashin hukuma tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta haura 1,500. A ɗauka mutum ya tsara kashe dala 60,000: lissafin da ya fara a kan naira miliyan 27 da ɗoriya ya koma miliyan 90, shi kuwa yana tsakiyar kwas a ƙasar mutane. Karatu a gida ma bai tsira ba, domin jiragen koyo da kayan gyaransu daga waje suke zuwa. Rancen banki kuwa, ga wanda ma bai ƙyamaci kuɗin ruwa ba, ruwan ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma banki ba ya jiran ka samu aiki.

Lokaci ma kuɗi ne a wannan harka. Ɗalibi a matakin farko da ido yake tashi, sai yana hangen nisan kilomita biyar ko fiye. In hunturu ya kama, hazo ya rufe Zariya, sai a yi kwanaki jirgin koyo bai ɗaga ba. Kwas ɗin da aka ce na wata goma sha takwas yana iya miƙewa, kuɗin haya da na makarantar yara kuwa ba sa tsayawa.

Don haka ra'ayina shi ne kada magidanci ya ajiye aikinsa a rana ta farko. Abu na farko, kafin a sayar da komai, ya je wurin likitan da NCAA ta amince da shi ya yi gwajin lafiya na aji ɗaya. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da sauran, amma shi ke yanke hukunci. Akwai wanda bai san ba ya bambance wasu launuka ba sai ranar, akwai mai hawan jini ko ciwon sukari da bai taɓa aunawa ba. Kuma gwajin ba na rana ɗaya ba ne, zai bi ka har ƙarshen aikinka, in shekaru sun ja ma duk wata shida. In an tsallake wannan, a yi lasisin farko da hutun shekara ko hutun da ba albashi, ana riƙe da aikin. A cikin awa arba'in ɗin nan mutum zai san ko tashin yake so ko kuwa kayan sarkin da girman da ke tare da su.

Kada kuma a zube wa makaranta kuɗin kwas gaba ɗaya don an yi alkawarin rangwame. A 2023 makarantu biyu a Birtaniya, Tayside Aviation da ke Dundee da FTA Global, sun durƙushe, ɗalibai suka yi asarar dubban fam da suka biya tun gaba. In haka ta faru a ƙasar da ake ganin doka tana aiki, to biya mataki-mataki shi ne hankali a ko'ina.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne shekaru. Doka ta tsayar da matuƙin jirgin fasinja a shekara 65. Mai farawa yana da 38 yana ganin saura 27, amma a cire shekarun koyo, da na jiran aiki, da waɗanda zai yi a kujerar dama yana mataimaki a kan ƙaramin albashi. Zai zauna kusa da kyaftin da ya girme wa da shekara goma, ya karɓi umarni da gyara daga bakinsa, kuma duk wata shida a sake jarraba shi kamar sabon shiga. A al'adar da ta ɗauki girma da muhimmanci irin tamu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, gara mutum ya tambayi zuciyarsa tun yanzu.

Kamfanonin da za su ɗauke shi ma ba su da tsawon rai. Nigeria Airways ta mutu a 2003. Kabo Air da Chanchangi, da muka taso muna gani a Kano da Kaduna, yau sai labari. Air Nigeria ta rufe a 2012, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta karɓe Arik a 2017, annobar korona ta 2020 kuma ta mayar da ƙwararrun matuƙa gida. Duk lokacin da kamfani ya faɗi, masu dubban awa ne ke shiga layin neman aiki a gaban mai awa ɗari biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da ake jefawa a wannan hanya ba na mutum ɗaya ba ne. Gonar gado tana da kason ƙanne mata a ciki, gidan da za a sayar shi ne rufin asirin matar aure da 'ya'yanta. Waɗannan suna da haƙƙin a zaunar da su a faɗa musu adadin gaba ɗaya, har da kuɗin shaidar samfurin jirgi, har da abincin shekara biyu na zaman jira, a kuma faɗa musu cewa aikin yana iya ƙin zuwa. In sun yarda bayan sun ji, Allah ya sa albarka. In an ɓoye musu rabin lissafin don kada su hana, an ci amanarsu ko da a ƙarshe an dace.

Nauyin kuma bai kamata ya tsaya a kan ɗalibi shi kaɗai ba. Ethiopian Airlines tana horar da matuƙanta a makarantarta da ke Addis Ababa, ta ɗauke su aiki daga can. Max Air da Azman da Rano duk a Arewa suke da tushe. Za su iya biya wa mai lasisi horon samfurin jirginsu a kan yarjejeniyar zai yi musu aikin wasu shekaru, a riƙa cirewa daga albashi. Gwamnan da ke son tura matasa koyon tuƙi kuma ya fara sa hannu da kamfanin da zai ɗauke su kafin ya sayi tikitin tafiya. Har zuwa lokacin da hakan za ta samu, wanda ya haura arba'in kuma ba shi da rarar da zai iya rasawa ba tare da gidansa ya girgiza ba, ina ba shi shawarar ya tsaya a lasisin farko, ya riƙa hayar ƙaramin jirgi yana tashi idan hali ya yi, ranar Litinin kuma ya koma bakin aikinsa.