Sharhi: Wa ke bin sawun kuɗin tsaro a Ɗambatta?

Hare-haren da 'yan bindiga suka kai wasu ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen shekarar 2025 sun sauya yadda ake maganar tsaro a Kano ta Arewa. Ɗambatta na cikin wannan shiyya, tana kan hanyar Kazaure da Daura, kuma karar dabbobinta na tara fatake da maƙudan kuɗi kowace Lahadi. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Sai dai tsoro yakan sa a buɗe bakin aljihu, a kuma daina tambayar inda kuɗin suka shiga.

Kuɗin tsaron Ɗambatta ta hanyoyi huɗu suke zuwa. Ta farko ita ce tarayya. Sashe na 214 na kundin tsarin mulki rundunar 'yan sanda ɗaya tak ya amince da ita, don haka baturen 'yan sandan Ɗambatta kwamishina yake amsa wa a Bompai, shi kuma ya amsa wa Abuja. Dokar asusun tallafa wa 'yan sanda ta 2019 ta ware kashi 0.5 cikin ɗari na kuɗin asusun tarayya, sannan a 2020 gwamnatin Buhari ta amince da naira biliyan 13.3 domin aikin 'yan sandan al'umma. Ta biyu ita ce jiha: a 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar kafa rundunar tsaron unguwanni, bayan Katsina ta kafa tata a 2023, Zamfara a 2024. Ta uku ƙaramar hukuma ce, wadda bisa al'ada kan taimaka da mai da gyaran mota da alawus ɗin 'yan sintiri. Ta huɗu aljihun talaka, wato karo-karon da gidaje da 'yan kasuwa ke yi wa masu gadin dare.

A cikin huɗun nan, ta ƙarshe kaɗai mai biya ke iya tsare mai karɓa ya tambaye shi. Sauran sukan fake da kalmar "sirri". Wani rahoton ƙungiyar Transparency International na 2018 ya ƙiyasta cewa ana kashe sama da dala miliyan 670 duk shekara a Najeriya da sunan kason tsaro na masu mulki, ba tare da cikakken binciken odita ba.

An yi fatan hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, zai kusanto da lissafi ga jama'a. Aiwatar da shi na tafiyar hawainiya. Ko da an aiwatar, kuɗi ne za su sauya hannu, sa ido kuwa sai an gina shi. Kansiloli ne ke da hurumin amincewa da kasafin ƙaramar hukuma, amma a zaɓen ranar 26 ga Oktoban 2024 jam'iyya ɗaya ce ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 44 na Kano da na kansilolinsu. Majalisar da babu ɗan adawa a cikinta da wuya ta titsiye shugabanta.

Masu kare sirrin suna da hujja: ba a shelanta sunan mai kawo rahoton asiri ko hanyar da sintiri zai bi. Gaskiya ne. Amma adadin baburan da aka saya, da farashinsu, da yawan 'yan sintirin da ke karɓar alawus, ba su ne za su taimaki ɓarawon shanu ba. Ɓoye su mai cin kuɗin kaɗai yake amfana.

Doka ta riga ta ba matasa abin riƙo. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin al'umma har zuwa matakin ofishin yanki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi. Akwai kuma babban oditan ƙananan hukumomi, wanda rahotonsa ke zuwa gaban majalisar dokokin jiha.

Ɗambatta na da mazaɓu goma, daga Ajumawa da Fagwalawa zuwa Kore da Sansan, kowace da kansilanta. Tambayoyin da suka kamace su ba su da yawa: nawa aka ware wa tsaro a kasafin bana, nawa aka fitar, su wa ke cikin kwamitin da ke rabawa, kuma wa ya zaɓo su? A rubuta, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi. Ɗan sintirin da ke kwana a bakin gari da sanda da tocila, alawus ɗinsa na maƙale, shi ne zai fara cin moriyar amsar.