Kunyar Bashi Tana Kan Wa?

A Kurudu da ke Abuja, inda ake sauke yashi da bulo a bakin filaye kowace safiya, tun daga Jikwoyi har Orozo, idan mai buga bulo ko kafinta ya gaji da zarya a ƙofar wanda ya ci bashinsa, ya ce zai kai ƙara, sai dattawan unguwa su yi ca a kansa, su ƙyale wanda ya danne haƙƙin. "Haba Malam, kotu kuma? Ka yi haƙuri, ka bar wa Allah."

Wannan nasiha, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya, zalunci ce da aka naɗa wa rawani, domin malamai sun karantar da mu cewa jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne, kuma shahidi ma, duk da darajarsa, ba a ɗauke masa bashi. To, ta ƙaƙa za a umarci mai iyali da haƙuri alhali wanda yake bi ya rufa benensa, ya shafa fenti, har yana shirin Umra?

Hukuma kuwa ta sauƙaƙa hanya, tun da aka buɗe kotun ƙananan ƙararraki a Legas a 2018, da Kano a 2019, Abuja ma ta bi sahu. Mai ƙara zai fara aika wa wanda yake bi takardar neman biya, in wa'adi ya cika bai biya ba ya cike fom a wurin magatakarda, ya tsaya gaban alƙali da bakinsa, ba dole sai da lauya ba. A ƙa'idar da Legas ta fara da ita, bashi har naira miliyan 5 ake saurara, a yanke hukunci cikin kwana 60.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙin rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, mun haddace ta tun muna yara, muna jin ta a tafsiri kowane Ramalana, amma da zarar mai kaya ya ɗauko biro sai a haɗe rai, a ce, "Ni da kai har sai an rubuta? Ba ka yarda da ni ba ke nan." Sai ya mayar da biron aljihu don kunya, a loda siminti buhu 50 ba rasit, ba shaida, ko saƙon waya babu, ran shari'a kuma alƙali ya nemi hujja a rasa. Wanda ya yi nufin biya, me zai tsorata da sa hannu?

Ga kuma masu kai maganar bashi caji ofis, su sa a kulle mutum kamar ɓarawo, alhali dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta haramta kama mutum a kan saɓanin ciniki. Dattawan unguwa dai ba su cika hana zuwa can ba. Sai an ambaci alƙali suke tashi.