Geceme: wa zai ɗauke wa maigari nauyin baƙi?

Duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kai shi ƙauyukan Geceme ya san yadda ake ƙarewa in rana ta faɗi. Ko dai ya kama hanyar Dogon Dutsi ko Doso cikin dare, ko kuwa ya nufi ƙofar maigari. Can za a share masa zaure, a shimfiɗa tabarma, a kama kaza a yanka. Gari na wayewa ya yi godiya ya shiga mota, kuɗin misiyon ɗinsa na cikin aljihu ko dala ba ta yi ciwon kai ba. Matar da ta yi daka ta tuƙa tuwon kuwa, ba wanda ya tambayi sunanta.

Karɓar baƙo ɗabi'a ce ta Arawa, ba mai son a taɓa ta. An ce baƙo raɓa ne. To, amma raɓar da ke sauka kullum bisa rumbu guda, ƙarshenta sai ta ruɓar da shi, balle a shekarar da damina ba ta yi kyau ba.

A Faransa, cikin 1951, wani ɗan majalisar dattawa mai suna Émile Aubert ya sa aka gyara wani tsohon gidan ƙauye a La Javie, cikin duwatsun Alpes, ana ba mutanen birni haya su zauna su yi girkinsu da kansu. Nufinsa manomi ya samu abin da zai riƙe shi a ƙauye. Cikin 1955 aka kafa ƙungiyar Gîtes de France. A Kazamansa ta ƙasar Senegal ma, tun shekarun 1970 ƙauyuka suka gina masaukansu, ribar tana tafiya ga lakwal da ɗakin shan magani.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin fatake sun san zango, sun san mai masauki. Abin da ya ɓata sunansa shi ne kampaman zamanin Nasara, wanda talakawa suka gina da aikin tilas, suna kai ƙwai da itace ba a biyan su.

Geceme na cikin Dallol Mawri, inda ruwa ba ya da nisa, ga rake, ga rogo, ga mangwaro. Arewa da ita ga dutsen da Dogon Dutsi ya ci sunansa, ga Matankari, ga Lugu inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet cikin 1899. Sai dai kada a ruɗi kai da Turawa masu yawon buɗe ido. Tun harin Kure na watan Agusta 2020, wanda ya ci rayuka 8, suka ɗauke ƙafa. Baƙin da za a dogara gare su na gida ne: mushen lakwal da aka turo bai samu ɗaki ba tukuna, malamin gona, masu rigakafi, ɗan kasuwa mai sayen rake da wake, da ɗan gari mazaunin Yamai da ya zo salla da iyali gidan uba bai ɗauke su ba.

Ba otel ake bukata ba. Ɗaki biyu na ƙasa, gidan sauro, randa, murhu da tukwane, salanga mai tsabta, fitila mai aiki da hasken rana. Baƙo ya sayi gero da nama da itace a kasuwa, kuɗinsa ya ratsa hannu goma maimakon ya ci daga rumbu guda. A zaɓen kananan hukumomi na 2004 komin ta samu magajin gari da majalisa, ba da fili bai fi ƙarfinta ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wurin riƙo. Wa zai riƙe makulli, wa zai riƙe littafin kuɗi? Akwai tsoron dattawa kada ɗakin haya ya koma wurin shashanci, kuma tsoron nasu abin dubawa ne: sai a gina shi kusa da gidan maigari, a damƙa shi ga ƙungiyar mata. Akwai kuma manyan da ke ganin biyan kuɗin kwana a ƙauye raini ne gare su. Ranar da babban farko ya sauka aka miƙa masa rasit, idon gari duka zai koma kan hannunsa.