Lahiya uwar jiki: Da ruwan ciki ake jan na rijiya

An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, makarantun yaƙi da jahilci sun buɗe. A watan hwarko rumhwa cike take da mutane. Kahin wata na uku sai ta ragu. In an tambayi waɗanda sunka bari, da yawa amsarsu ɗaya ce: kai ba ya ɗauka. Mutum shina zaune gaban allo, ido buɗe, hankali ya tahi. Baƙin da anka koya jiya ya ɓace yau. Sai shi ce tsuhwa ce, ko kuwa Allah bai ba shi kan karatu ba.

Sau da yawa kai ba shi da laihi. Ciwon a ciki yake.

Ciki shi ke ciyar da kai

Mutum mai kilo 60, ƙwaƙwalwarshi ba ta kai kilo 1 da rabi ba. Amma ita ke cin kashi 1 cikin 5 na ƙarhin da abinci ke ba jiki. Wato in mutum ya ci tiya 5 ta hatsi, tiya guda rabon kai ce. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta da rumbu. Abin da jini ya kawo mata, shi take aiki da shi. Jini kuma daga hanji yake ɗaukowa. In hanji ya lalace, rabon kai ya ragu.

Akwai kuma wata babbar jijiya da ta taso daga kai ta sauka har ciki. Saƙo na bin ta, hawa da sauka. Hausawa sun san wannan tun da daɗewa. Shi ya sa ake cewa hwarin ciki da baƙin ciki. Wanda ya ji tsoro, a ce cikinshi ya ɗuri ruwa. To, yadda damuwa ke murɗa ciki, haka ciwon ciki ke ɗauke hankali.

Ɓarayi uku

Na hwarko tsutsar ciki. Akwai babba, mai kama da tana, wadda tsawonta kan kai santimita 30. Mace guda tana iya zuba ƙwai 200.000 a yini. Ƙwan shina hita cikin bayan gida. In an yi bayan gida a hili, sai shi koma baki ta hannu mai dauɗa, ko ruwa, ko ganyen garka da ba a wanke ba. Wannan tsutsa tana raba abinci da mai ita. Akwai kuma ƙarama, tsawonta wajen santimita 1. Ita ta hwatar ƙahwa take shiga, a ƙasa mai laima kamar hwadama da bakin tabki. Tana manne wa hanji tana shan jini. Mai ita idonshi da tahin hannunshi su yi hwari, shi riƙa jin jiri da kasala. In jini ya yi kaɗan, kai ba ya riƙe karatu.

Na biyu zawo. Zawo shina kwashe ruwa da gishirin jiki. Wanda ruwa ya ragu a jikinshi kanshi ya yi ciwo, tunani ya yi nauyi. Ga ƙaramin yaro abin ya hi muni. Zawo shina kisa. In bai kashe ba kuma, yawan dawowarshi shina tsauye girman jiki da na ƙwaƙwalwa, tun ba a shekaru 2 na hwarko ba.

Na uku yunwa. Makiyayi ya hita tun asuba, ya yini bayan bisashe, ya zo aji da maraice ba abin da ya sa a baki. Yaro ya tahi lakwal da sahe ciki wayam. Ko malami ya iya koyarwa, wahala ce. Cika ciki ƙwarai shi ma ba taimako ba ne. Wanda ya naɗi tuwo ya zauna, barci ne ke biyo baya.

Abin da ya kamata a yi

1. A wanke hannu da sabulu bayan an hito daga bayan gida, da kahin a ci abinci, da kahin a dama hura. In ba sabulu, a sa toka.

2. A gina salga, a ruhe bakinta. Kashin yara ma a zuba shi ciki, don shi ma shina ɗauke da ƙwan tsutsa.

3. Ruwan tabki, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tahwasa shi kahin a sha. Tulu da randa a ruhe su.

4. Mai aiki a hwadama ko garka shi sa takalmi.

5. In zawo ya kama, a karɓo garin gishiri da sukari na gidan likita, a dama ƙunshi guda cikin litar 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, a shahe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litar 1. A riƙa sha kaɗan kaɗan. Kada a hana yaro nono ko kunu. Yara ana ƙara musu ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. In an ga jini cikin zawo, ko ido ya hwaɗa, a tahi gidan likita ba jinkiri.

6. Maganin tsutsa shina nan, kamar albendazol, ƙwaya guda ake sha. A shekarar 2004 Nijar ta hwara rabon maganin tsargiya da na tsutsa ga yara cikin makarantu da garuruwa. In masu rabo sun zo, kada a ɓoye yara. Mace mai ƙaramin ciki, wata 3 na hwarko, kada ta sha. A karɓi magani hannun likita, ba hannun masu talla a kasuwa ba.

7. A ci abin da ke ƙara jini: wake, zogale, miyar kuka, hanta in an samu. Tumatur ko lemun tsami suna taimaka wa hanji shi ɗauki amhwanin wake da ganye. Shayi kuwa shina rage shi. A jinkirta shayi kamar awa 1 bayan abinci.

8. Kahin a tahi aji, a sha hura ko kunu daidai ciki.

Uban da anka ce ɗanshi ba ya ganewa, kahin shi ɗauki bulala shi duba cikin idon yaron, shi tambaye shi yadda cikinshi yake. Magidancin da ya bar aji shi ma shi je likita ta duba shi. In an kori tsutsa, jini ya dawo, shi koma gaban allo shi sake gwadawa. Rumhwar tana nan har saukar ruwan shuka.