Mai Shagon Kwamfuta, Kar A Ruɗe Ka Da RAID

Yau maganata da kai ce, mai shagon buga takardu da wankin hoto a Sundimina, Birnin Kudu ko Gwaram, da kai mai waya da ka bar takardunka a kwamfutarsa kana cewa "ai suna wajen mai kafe".

Wasu masu gyara sun fito da sabon salo. Da ka ce kwamfutarka ta tebur tana nauyi, sai su ce a ƙaro faifan ajiya na biyu, wato hard disk, a haɗa maka RAID: ga gudu, ga tsaro. Wannan magana rabinta yaudara ce. RAID kala-kala ne, kuma da faifai biyu, ɗaya za ka samu, ko gudun ko tsaron.

RAID 0 yana yanka kowane fayil gunduwa-gunduwa, ya raba tsakanin faifan biyu. Masu 1TB guda biyu sai su ba ka 2TB, ga sauri. Amma ran da ɗaya ya mutu, komai ya tafi, har abin da ke kan mai lafiyar, don rabin fayil ba fayil ba ne. Kamar ka yaga takardar filinka biyu ne ka ajiye a gidaje biyu, gida ɗaya ya ƙone. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, janareta na tari, zuba takardun makarantar 'ya'yan mutane da hotunan bikinsu a kan RAID 0 caca ce da amana. In gudu kake nema, sayi SSD. Guda ɗaya yana karanta wajen 500MB a daƙiƙa, ya fi tsofaffin faifai biyu da aka haɗa.

RAID 1 shi ne madubi. Duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya, nan take ake rubuta shi a ɗayan. Masu 1TB biyu za su ba ka 1TB kacal, amma in ɗaya ya mutu aiki bai tsaya ba. Shi ya dace da shago. Ga yadda ake yi a Windows 10 ko 11:

1. Kwashe duk abin da ke kan faifan biyu tukuna, don haɗawar goge su take yi tas.
2. Shiga Control Panel, ka buɗe Storage Spaces.
3. Danna Create a new pool and storage space, ka zaɓi faifan biyu, ban da wanda Windows ke kai.
4. A wajen Resiliency type ka zaɓi Two-way mirror. Kar ka taɓa Simple, ba shi da kariya ko kaɗan.

Wanda kuma zai ce a shiga BIOS a mayar da AHCI zuwa RAID bayan an riga an sa Windows, ka riƙe hannunsa. Kwamfutar na iya ƙin tashi.

To ga inda nake faɗa da masu cewa "ina da madubi, hankalina kwance". Madubi ba ya tambaya. Yaron shago ya goge folda bisa kuskure? Ta goge a duka biyun. Bairos mai kulle fayiloli irin WannaCry na 2017 ya shigo? Duka biyun zai kulle. Wuta ta dawo da ƙarfi, ko tsawa ta faɗo da damina, ko ɓarawo ya ciccibi akwatin? Ai a ciki ɗaya suke kwana. Masanan jami'ar Berkeley a Amurka da suka yi bayanin RAID a 1988, maganin mutuwar faifai suka kawo, ba maganin ganganci ba.

Don haka ka yi kwafi 3: biyu a shago, ɗaya a faifan waje da kake tafiya da shi gida, ko a intanet. Google Drive na ba da 15GB kyauta, ya ishi muhimman takardu. Ka haɗa da UPS. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi kuɗin motar zuwa Kano neman mai ceto fayil araha.

Kai kuma mai waya, karɓi kwafin takardunka yau ɗin nan, ka tura wa mai shagon unguwarku wannan rubutu. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa.